Mudu Ɗaya Ga Masu Binciken Gini Mai Jure Girgizar Ƙasa

"Assalamu alaikum Malam. Ina karatun digiri na biyu a injiniyancin gine-gine, kuma ina son bincikena ya kasance kan na'urorin da ke rage jijjigar gini da gada lokacin girgizar ƙasa. Duk takardar da na buɗe sai in ga ana maganar haɗin gwiwa tsakanin Japan da Amurka da Turai. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ai lissafin ɗaya ne a ko'ina. Me zai hana kowace ƙasa ta yi nata binciken ta buga, mai so ya karanta? Mene ne ainihin abin da ake haɗawa, wa ke riƙe da ragamar, kuma abin yana aiki kuwa ko yawon taro ne kawai?"

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya ba da sa'ar karatu. Tambayarka ta ƙunshi abu uku: dalilin haɗuwar, abin da ake haɗawa, da kuma ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Ka yi gaskiya cewa lissafin ɗaya ne. Dokar da ke juya gini a Tokyo ita ce ke juya shi a Santiago. Sai dai lissafi ba ya tabbatar da kansa, yana buƙatar shaida, kuma a wannan fanni shaidar tana da wuyar samu, tana da tsada, sannan a warwatse take a duniya. Daga nan duk maganar ta taso.

Abin da ake nufi da sarrafa motsin gini

Tsohuwar hanyar zana gini a yankin girgizar ƙasa ta ginu ne kan wata yarjejeniya da yawancin mazauna ginin ba su ma san da ita ba. Injiniya yana amincewa ginin ya lalace in babbar girgiza ta zo, rodi ya lanƙwashe, kankare ya tsattsage, muddin dai bai rufta kan mutane ba. Lalacewar ita ce hanyar da ginin ke shanye ƙarfin girgizar. Wannan ya ceci rayuka masu yawa, amma birnin Christchurch na Niyu Zilan ya nuna kuɗin da ake biya. A girgizar Fabrairun 2011 mutum 185 suka rasu, akasarinsu a gine-gine biyu da suka rufta. Sauran manyan gine-ginen tsakiyar birnin sun tsaya kamar yadda aka zana su, duk da haka daga baya aka rushe kaso mai yawa daga cikinsu saboda gyaransu bai yiwuwa ko bai da riba. Asibiti ko gada ko tashar lantarki ba su da amfani in abin da suka iya kawai shi ne su tsaya a tsaye. Ana buƙatarsu suna aiki a daren da abin ya faru.

Sarrafa motsi shi ne a samar wa ƙarfin girgizar wata mafita dabam da jikin ginin. Ka tuna lilo. Kowane gini yana da lokacin da yake ɗauka ya je ya dawo, kuma in turawar ƙasa ta yi daidai da wannan lokacin, lilon sai ya yi ta ƙaruwa. Gini gajere mai tauri yakan kammala lilonsa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, wanda nan ne yawancin girgizar ƙasa ke da kaifi. In ka ɗora shi kan matasai na roba da faranten ƙarfe, ko kan faifai masu zamewa, lokacin lilon ya koma daƙiƙa biyu zuwa huɗu, ƙasa ta yi ta kai-komo a ƙarƙashi, ginin kuma yana binta a hankali. Farashin wannan shi ne dole ka bar masa fili a kewaye, domin zai iya gusawa santimita talatin ko hamsin ko fiye. Hanya ta biyu ita ce a dasa na'urorin shanye jijjiga a tsakanin ginshiƙai, masu aiki irin na shakazobar mota, su mai da motsin zafi. Ta uku ita ce a rataye wani nauyi a saman gini ya riƙa lilo saɓanin ginin, kamar dunƙulen ƙarfen nan mai tan 660 da ke cikin dogon benen Taipei 101 na Taiwan, ko da yake shi galibi don iska da guguwa aka yi shi.

Duk waɗannan ba sa buƙatar wuta. Akwai kuma masu buƙata, kuma su ne suka fi ɗaukar hankalin masu bincike a farko. A 1972 James Yao ya fito da tunanin a bi da gini kamar yadda ake bi da jirgin sama: na'ura ta ji motsi, kwamfuta ta yi lissafi, inji ya tura ginin saɓanin inda yake son zuwa. A 1989 kamfanin Kajima, ƙarƙashin jagorancin Takuji Kobori, ya saka irin wannan tsari a wani siririn bene mai hawa 11 a unguwar Kyobashi ta Tokyo, na farko a duniya. Yana aiki da kyau a iska da ƙananan girgiza. Matsalar ita ce babbar girgiza tana buƙatar ƙarfin da ya wuce abin da inji zai iya bayarwa, kuma abu na farko da takan ɗauke shi ne wutar lantarki. Shi ya sa aka karkata ga na tsaka-tsaki, wato na'urar shanye jijjiga da kwamfuta ke iya ƙara wa tauri ko sassautawa da 'yar wutar batir, wadda ko kwamfutar ta mutu za ta ci gaba da aiki a matsayin shakazoba ta yau da kullum.

Me ya sa ƙasa ɗaya ba ta isa ba

Dalili na farko, wanda a ganina ya fi kowanne nauyi, shi ne babbar girgiza ba ta yawan zuwa wuri ɗaya. Injiniya zai iya gama aikinsa har ya yi ritaya bai ga ko ɗaya daga gine-ginensa ya fuskanci abin da ya zana shi dominsa ba. Ƙasar da ta ce sai daga girgizarta za ta koya, za ta jira shekaru hamsin ko ɗari tsakanin darasi da darasi, kuma kowane darasi da rayuka ake biyansa. Shekaru da dama rikodin motsin ƙasa da na'ura ta ɗauka a girgizar El Centro ta Kalifoniya a 1940 shi ne kusan abin da kowa ke gwada zanensa da shi, saboda babu wasu da yawa. Sai girgizar birnin Meziko ta 1985 ta nuna cewa ƙasa mai laushi, tsohon gindin tafki, tana iya yin lilo a wajen daƙiƙa biyu, wato daidai inda matashin roba zai kai ginin, ta yadda maganin zai zama cuta. Girgizar Northridge ta Kalifoniya a 17 ga Janairun 1994 da ta Kobe ta Japan a 17 ga Janairun 1995, shekara ɗaya cif tsakaninsu, suka nuna cewa kusa da tsagar ƙasa, wato layin da girgizar ke tasowa, akan samu wata irin fizga guda mai tsawo da ke jefa gini gefe lokaci ɗaya. Chi-Chi ta Taiwan a 1999 ta ba da tarin rikodi na kusa da tsaga da ba a taɓa samun irinsa ba. A Nuwamban shekarar, girgizar Duzce a Turkiyya ta tsaga ƙasa a ƙarƙashin doguwar gadar Bolu, na'urorin da aka ɗora gadar a kansu suka wuce iyakar gusawarsu suka lalace, gadar ta tsira da ƙyar. A 2011 girgizar Tohoku ta Japan ta sa wani dogon bene a Osaka, nesa da kilomita sama da 700, ya yi ta lilo fiye da mita guda na tsawon mintuna. A 2016 Kumamoto, ita ma a Japan, ta sha manyan girgiza biyu cikin kusan awa 28, ta tayar da tambayar ko na'urar da ta sha ta farko tana da sauran ƙarfin shan ta biyu.

Ka duba jerin nan da kyau. Babu ƙasa ɗaya da ta ga dukansu. Injiniyan da ke zana asibiti yau yana buƙatar darasin Meziko da na Kobe da na Bolu a lokaci guda.

Haka ma nasarorin. Asibitin jami'ar Kudancin Kalifoniya da ke kan matasai ya ci gaba da aiki a girgizar Northridge. Asibitin Red Cross na Ishinomaki a Japan, shi ma kan matasai, ya zama madogarar yankinsa a girgizar 2011. Bututun man Alaska, wanda tun a shekarun 1970 aka ɗora shi kan dogayen ƙarafa masu zamewa a inda ya ƙetare tsagar Denali, ya sha girgiza mai maki 7.9 a 2002, ƙasa ta gusa mita da dama a ƙarƙashinsa, mai bai zuba ba. Irin waɗannan shaidu ne suka ba Ma'aikatar Lafiya ta Turkiyya ƙwarin gwiwar wajabta ɗora sababbin asibitoci masu gado 100 zuwa sama kan matasai a yankunan da suka fi haɗari tun 2013, kuma girgizar 6 ga Fabrairun 2023 ta mai da waɗannan asibitocin shaida ga wasu ƙasashen.

Dalili na biyu shi ne girma. Ƙaramin samfuri yana yaudara. Dalmar da ake sakawa a tsakiyar matashin roba don ta shanye jijjiga tana yin zafi in ana murɗa ta, ƙarfinta ya ragu, kuma yadda ƙaramin matashi ke zubar da zafinsa dabam yake da na babba mai faɗin mita guda. Tsagewar kankare da yagewar walda su ma ba sa bin ƙa'idar ƙanƙantawa. Dole wani lokaci a girgiza ainihin gini. Bayan Kobe, inda sama da mutum 6,000 suka rasu, Japan ta gina E-Defense a garin Miki, aka buɗe a 2005: teburin girgiza mai mita 20 da 15, mai ɗaukar tan 1,200, yana motsi gaba da baya, gefe da gefe, sama da ƙasa. Ƙasashe kaɗan ne za su iya gina makamancinsa, kuma ita kanta Japan ba ta da isassun kuɗi da tambayoyin da za su cika shi ita kaɗai.

Na uku gajere ne: na'urorin suna ƙetare iyaka. Matashin roba mai dalma Bill Robinson ne ya ƙirƙiro shi a Niyu Zilan a shekarun 1970, ya fara aiki a ginin William Clayton na Wellington, amma Japan tana cikin ƙasashen da suka fi amfani da shi. Faifan zamewa mai siffar kwano Victor Zayas ne ya fito da shi a Kalifoniya a shekarun 1980, yau yana ƙarƙashin asibitoci da filin jirgin sama a Turkiyya. Tokaren ƙarfe da ba ya lanƙwashewa a Japan ya girma, Amurka ta karɓe shi a ƙarshen shekarun 1990. In an ƙera a nan, an gwada a can, an dasa a wata ƙasa ta uku, tilas a yarda da ma'anar kalmar "ya ci gwaji".

Abin da ake haɗawa

Amsata a taƙaice ita ce mudu. Kafin tsakiyar shekarun 1990, in ka karanta takardun wannan fanni, kowane mai bincike yana zuwa da gininsa na kwamfuta, da girgizar da ya zaɓa, da ma'aunin nasarar da ya ga dama, kuma kowa dabararsa ce ta yi fice. Ba lallai wani ya yi ƙarya ba. Kawai dai ba yadda za ka kwatanta su, kamar 'yan kasuwa goma kowa da mudunsa.

Wajen 1990 aka kafa kwamiti a Amurka ƙarƙashin George Housner na jami'ar Caltech, da takwaransa a Japan ƙarƙashin Kobori. Suka haɗu a Honolulu a 1993, a 1994 aka kafa ƙungiyar duniya ta wannan fanni, wadda yau ake kira IASCM, aka yi babban taronta na farko a yankin Los Angeles. Daga nan kowace shekara huɗu: Kyoto a 1998, Como ta Italiya a 2002, San Diego a 2006, haka har zuwa yau. In da tarukan ne kawai sakamakon, da na yarda da zarginka. Amma daga cikin wannan haɗuwa aka fito da abin da nake kira jarrabawar bai-ɗaya. Bill Spencer da Shirley Dyke da abokan aikinsu suka fitar da samfurin gini guda a kwamfuta, tare da rikodin girgiza da aka tsayar, da jerin ma'aunai da kowa zai ba da rahoto a kansu: iya gocewar hawa daga hawa, iya fizgar da mutum zai ji, iya ƙarfin da na'urar ta buƙata, iya wutar da ta ci. Aka kuma sa iyaka kan yawan na'urorin ji da ƙarfin inji, domin kada wani ya ci jarrabawa da injin da babu shi a duniya. Daga baya aka yi ta bene mai hawa 20 na ƙarfe da aka zana don Los Angeles, ana gwada shi da rikodin El Centro da Hachinohe da Northridge da Kobe, biyu daga Amurka biyu daga Japan, biyu na nesa biyu na kusa da tsaga. Aka yi ta gadar Bill Emerson mai igiyoyi da ke Cape Girardeau a Amurka, aka yi ta gini mai matasai, aka yi ta gadar babbar hanya.

Amfanin ya fito fili nan da nan. An ga cewa dabaru da yawa masu ado ba su fi shakazoba mai kyau da aka zauna aka daidaita ta ba, ko kuma sun fi ta da abin da bai kai wahalarsu ba. An ga cewa rage gocewa sau da yawa yana ƙara fizga, wato ka ceci ginshiƙi ka zubar da kayan ɗakin tiyata. Kuma, abin da ya fi burge ni, ɗalibin da ba shi da teburin girgiza ko kaɗan ya samu damar auna tunaninsa da na manyan jami'o'i a mudu guda.

Sai dai jarrabawar da aka san tambayoyinta tana da aibinta. Da shekaru suka ja, wasu suka koma gyara dabararsu don ta dace da waɗannan girgiza huɗu, har ta zama gwana a kan ginin da ba ya wanzuwa sai a kwamfuta. Maganin wannan shi ne gasar hasashe ido rufe. Ana raba wa kowa zanen ginin da za a girgiza da ƙarfin kayan da aka yi shi da su da rikodin da za a kunna, kowa ya miƙa hasashensa, sannan a buɗe sakamako. An yi haka a E-Defense a 2007 da bene mai hawa huɗu na ƙarfe da aka girgiza da rikodin tashar Takatori ta Kobe har ya durƙushe, an kuma yi a San Diego a 2010 da ginshiƙin gada guda ɗaya tak na kankare, mai cikakken girma. Ginshiƙi ɗaya, abu mafi sauƙi da za ka iya tunani, amma hasashen ƙwararru ya warwatsu ƙwarai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban san wani abu da ya koya wa wannan fanni tawali'u irin waɗannan gasa ba, kuma ba za su yiwu ba sai da taron mutane daga ƙasashe da makarantun tunani dabam-dabam, domin ɗakin gwaji ɗaya kuskurensa iri ɗaya ne.

Bayan mudu sai rabon ɗakin gwaji. Wannan ya girmi ƙungiyar ma: tun a farkon shekarun 1980 Amurka da Japan suka haɗu suka gwada bene mai hawa bakwai na kankare, cikakken girma, a Tsukuba. Daga 2004 zuwa 2014 Amurka ta haɗa ɗakunan gwajin jami'o'inta cikin tsari ɗaya mai suna NEES, ta kuma ƙulla yarjejeniya da E-Defense. A ƙarƙashinta aka girgiza bene mai hawa biyar na ƙarfe a 2011, sau ɗaya kan faifan zamewa, sau ɗaya kan matasan roba, sau ɗaya a kafe a ƙasa. Matasan sun yi aikinsu a motsin gefe. Abin da gwajin ya tona shi ne motsin sama da ƙasa yana ratsa su kai tsaye, daɓen benen ya yi ta rawa, silin da bututun kashe gobara suka lalace. Ƙaramin tebur mai motsi a layi ɗaya ba zai taɓa nuna maka wannan ba. Akwai kuma gwajin rabi-da-rabi, inda ake ƙera ɓangaren da ba a fahimta ba a gwada shi a zahiri, sauran ginin yana cikin kwamfuta, suna musayar lamba ta intanet. An nuna yiwuwarsa tsakanin jami'o'in Illinois da Colorado a 2003, amma ga na'urar da saurin motsi ke canza halinta, jinkirin layi ko na ɗan kason daƙiƙa yana iya ɓata gwajin gaba ɗaya.

Sai bayanai, kuma a nan zan ba ka abin da ya faru da ni. Wani ɗakin gwaji a wata ƙasa ya taɓa aiko mana da sakamakon gwajin matasan roba don mu daidaita lissafinmu. Muka shafe makonni lissafin yana nuna matashin ya fi tauri nesa ba kusa ba kan abin da suka auna. Muka zargi manhajarmu, muka zargi kanmu. Daga baya a cikin hira wani ma'aikacinsu ya ambata cewa an riga an murɗa waɗannan matasan a wani gwaji kwana kaɗan kafin nan. Irin wannan roba takan fi tauri a murɗar farko, ta yi laushi bayanta, sai ta huta ta farfaɗo. A wurinsu wannan sanannen abu ne da bai kai a rubuta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, baƙo kuwa sai an nuna masa. Tun daga ranar ba na karɓar lamba sai da tarihinta: zafin ɗaki, abin da aka yi wa samfurin a baya, inda aka manna kowace na'urar ji, wane gefe ne ake ƙirgawa gaba, da wane ma'auni aka auna. Rumbunan ajiya na bai-ɗaya irin DesignSafe, da tarin rikodin girgiza na cibiyar PEER, da tashoshin auna girgiza kusan 1,000 na K-NET da Japan ta shimfiɗa bayan Kobe, da manhajar OpenSees da kowa ke iya buɗe cikinta, darajarsu tana cikin wannan aiki mai gundura na tilasta wa mutum rubuta abin da yake ganin kowa ya sani.

Na ƙarshe shi ne ƙa'idar gwajin kayan kasuwa, irin ISO 22762 na matasan roba da EN 15129 na Turai. Masu bincike sukan raina wannan ɓangare, ni kuwa ina ganin nan ne aikinmu ke haɗuwa da rayuwar mutane. A 2015 kamfanin Toyo Tire ya amsa cewa an sauya lambobin gwajin matasansa, a 2018 kamfanin KYB ya amsa makamancin haka kan na'urorin shanye jijjiga da ke cikin gine-gine kusan 1,000. Wannan a Japan ke nan, ƙasar da ke cikin waɗanda suka fi gogewa. Tushen matsalar shi ne mai ƙerawa shi ne mai gwadawa, kuma injinan da ke iya gwada babban matashi da ainihin nauyinsa da ainihin saurinsa kaɗan ne a duniya, irin wanda ke jami'ar Kalifoniya da ke San Diego. Japan ta buɗe nata mai zaman kansa, E-Isolation, a 2023, kusa da E-Defense.

Wa ke riƙe da ragamar

Babu kowa, kuma gara ka san haka tun yanzu. Ƙungiyoyin duniya, har da IAEE ta injiniyoyin girgizar ƙasa da aka kafa a 1963, suna da suna da ikon tara mutane, ba su da asusun bincike. Kuɗin yana hannun hukumomin ƙasashe, kowace tana biyan nata mutanen. Don haka aikin haɗin gwiwa sau da yawa ayyuka biyu ne da aka ɗinke, kowanne da alƙalansa da kalandarsa. Shekarar kuɗin Japan a Afrilu take farawa, ta gwamnatin Amurka a Oktoba. Na ga aiki mai kyau ya mutu saboda gefe ɗaya ya samu kuɗi ɗayan bai samu ba. Tsarin Tarayyar Turai ya fi kwanta mini: tun daga shirin SERIES a 2009, zuwa SERA, zuwa ERIES, ana biyan manyan ɗakunan gwaji irin ELSA na Ispra da EUCENTRE na Pavia, dukansu a Italiya, su buɗe ƙofa ga tawagar da ta kawo tambaya mai kyau daga wata ƙasa. Wannan ya raba mallakar inji da mallakar tunani, wanda shi ne abin da ƙaramar jami'a ke buƙata.

Inda abin bai kai ba

Ni mutumin ɗakin gwaji ne, don haka ina iya fifita abin da ake aunawa kan abin da ake shawartawa a ofis, ka riƙe wannan a ranka. Duk da haka akwai giɓi biyu da nake gani ƙarara.

Na farko, mafi kyawun gwaji shi ne ainihin gini a ainihin girgiza, amma gine-gine masu na'urorin kaɗan ne aka saka wa na'urar auna motsi, kuma inda aka saka, bayanan mallakar mai gini ne ko kamfani. Wanda ya yi kyau akan yi ta shelarsa. Wanda ya daki bangon filin da aka bar masa a kewaye, ko aka cike filin gusawarsa da siminti bayan shekaru saboda mai kula da ginin bai san amfaninsa ba, ba kasafai ake buga shi ba. Muna koyo ne daga rabin labari.

Na biyu ya fi ci mini rai. Masu manyan tebura su ke tsara tambayoyin, tambayoyinsu kuma na dogayen benaye ne da manyan gadoji. Amma waɗanda suka mutu a Haiti a 2010, da Nepal a 2015, da Maroko a 2023, akasarinsu a ƙananan gidajen bulo da dutse da laka da kankare marar inganci suka mutu. An yi ƙoƙari. James Kelly na jami'ar Berkeley ya daɗe yana aiki kan matashi mai sauƙin kuɗi da ake sa zare mai ƙarfi a madadin faranten ƙarfe. Hukumar UNIDO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tallafa wa gine-ginen gwaji a Sin da Indunusiya a shekarun 1990, Chile ta ɗora gidan masu ƙaramin ƙarfi kan matasai a Santiago a 1992, Armeniya ta ƙera nata a gida. Cibiyar IISEE ta Japan ta horar da injiniyoyin ƙasashe masu tasowa tun shekarun 1960. Amma har yau babu jarrabawar bai-ɗaya ta makarantar firamare mai hawa biyu da ta samu kulawar da bene mai hawa 20 ya samu. Kuma dole a faɗi gaskiya: gida marar nauyi yana da wuyar ɗorawa kan roba, domin robar da za ta yi masa laushi sosai takan zama siririya ta kasa tsayuwa, sannan ga gidaje da yawa ɗaure bango da ginshiƙai da ɗamarar kankare ya fi kowace na'ura amfani. Sarrafa motsi ba ya gyara mugun siminti, ba ya hana ƙasa narkewa a ƙarƙashin harsashi, ba ya tare igiyar ruwa.

Game da naka binciken, ga abin da zan yi in ni ne kai. Kada ka fara da ƙirƙiro sabuwar dabara. Ɗauko ɗaya daga jarrabawar bai-ɗaya, ka sake fitar da sakamakon da wani ya buga har lambobinku su zo ɗaya, domin a nan za ka gane ko manhajarka da fahimtarka suna da lafiya. Sannan ka sauke bayanan wani gwajin tebur na gaske, ka rufe sakamakon, ka rubuta hasashenka a takarda ka ba malaminka ya ajiye, kafin ka buɗe. Inda kuka saɓa da gwajin, nan ne taken bincikenka yake. In ka zo gwada dabararka, haɗa da girgizar da ba ta cikin jarrabawar, musamman ta ƙasa mai laushi da mai fizgar kusa da tsaga da mai motsin sama da ƙasa, ka kuma gwada abin da zai faru in wuta ta ɗauke a daƙiƙa ta biyar. Ranar da za ka rubuta wa wani babban ɗakin gwaji, kada ka nemi haɗin gwiwa a dunƙule. Aika musu da shafi biyu: ga tambayar, ga lissafin da na yi da bayananku na shekara kaza, ga inda ya ƙi dacewa, ga gwajin da zai raba gardamar.